Dutsen Kusurwa

A kusurwar gidanmu na gado, daidai inda lungu ya karya kwana ya nufi masallaci, akwai wani baƙin dutse da tsayinsa ya kai gwiwar babban mutum. Kakanmu ne ya sa aka mirgino shi daga bayan gari tun kafin a haifi mahaifina. Aka binne rabinsa a ƙasa, aka bar ratar kamu ɗaya tsakaninsa da katanga. Muna yara mun ɗauka wurin zama ne. A kansa muke fasa goriba, a kansa mai tallan ƙosai take sauke tire idan wuya ya gaji.

Wata rana mai kura ya gangaro da jarkoki cike da ruwa, kwanar ta ƙwace masa, ƙafar kurar ta daki dutsen. Ƙarfe ya yi ƙara, ruwa ya fallatsu har bakin zaure. Kaka yana zaune a kan buzunsa, ko ɗaga kai daga carbi bai yi ba. Na ce, "Kaka, ya bugar mana dutse!" Ya ce, "Aikinsa ke nan, ja'iri. An ajiye shi ne don ya sha duka a madadin katanga." Sai a ranar na lura da jikin dutsen. Duk tabo ne: na amalanke, na baro, na kurar ruwa. Kowane tabo a jikinsa tsagar da katanga ta tsallake ce.

Bayan rasuwar Kaka da shekaru, maƙwabta suka fara rushe ginin ƙasa suna ɗora na bulo. Lungun da bai san komai ba sai jaki da amalanke ya fara karɓar tipar yashi. Wata safiya wani direba yana ribas zai juye yashi, taya ta bi gefen dutsen ba ta taɓa shi ba, amma bayan tipar, wanda ya fi dutsen tsawo nesa ba kusa ba, ya haye ta samansa ya tokare katanga. Ta zube cikin madafa. Allah ya kiyaye, Inna ta fita ɗebo itace. Tukwane da turmi da buhun gero ne suka tafi. Baffana ya zo ya tsaya yana kallon ɓaraguzai, sannan ya dubi dutsen ya ce, "Ka ga, shi ko gezau bai yi ba." Gaskiya ya faɗa. Dutsen bai tsufa ba, bai gaza ba, yana nan yadda Kaka ya bar shi. Abin da ke bin lungun ne ya sauya, mu kuwa ba mu sake awo ba.

Wannan dutse ne ya faɗo mini a rai da safiyar Talata, 26 ga Maris, 2024, cikin watan azumi. Mun yi sahur, mun dawo daga Asuba, gari ya waye, sai ga wani bidiyo yana yawo a wayoyi. Gada ce doguwa cikin duhu, fitilun motoci suna gilmawa a kanta. Wani jirgin ruwa yana tahowa a hankali, fitilunsa suka ɗauke, suka dawo, suka sake ɗaukewa. Ya jingina da ginshiƙi ɗaya, gadar ta durƙushe cikin ruwa kamar rumfar kara.

Gadar Francis Scott Key ce, a kan kogin Patapsco, a bakin tashar jiragen ruwa ta birnin Baltimore da ke jihar Maryland a Amurka. An buɗe ta a 1977, kuma kafin ta faɗi motoci sama da 30,000 ne ke bi ta kanta kullum. Jirgin kuwa sunansa Dali, mai ɗaukar kwantena, da tutar Singafo, yana kan hanyarsa ta zuwa Kolombo a Siri Lanka. Tsawonsa ya kusa mita 300, yana ɗauke da kwantena kusan 4,700, nauyinsa da kayansa ya haura tan 100,000. Don lissafin ya zauna a kai, tirela mai buhun siminti 600 tana ɗauke da tan 30 ne. A tara kayan irinta sama da 3,000 a dunƙule su wuri ɗaya, wannan ne ya nufo ginshiƙin. Gudunsa bai wuce na mai keke ba, kilomita 12 ko makamancin haka a awa. Amma idan nauyi ya kai haka, tafiyar hawainiya ma ta isa.

Jirgin ya bar tasha bayan ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare. Ƙananan jiragen da suka ja shi suka saita shi a kan hanya, suka sake shi suka koma, kamar yadda aka saba. Da misalin ƙarfe 1:25, saura kamar kilomita ɗaya ya isa gada, wuta ta ɗauke. A irin waɗannan jirage famfunan da ke kai wa babban inji mai da ruwan sanyaya da lantarki suke aiki, saboda haka da wuta ta tafi, inji ya kashe kansa, farfela ta daina turawa. Jirgi kuwa ba shi da birki. Ma'aikata suka maido da wuta, ta sake ɗaukewa. Jagoran tasha da ke cikin jirgin ya ba da umarnin a saki anga, ya nemi jiragen ja su dawo, aka kuma aika wa 'yan sandan da ke gadin gadar. Ƙarfe 1:29 jirgi ya iso.

Gadar irin wadda ƙarafanta ke riƙe da juna ne daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, kamar tukunya a kan duwatsun murhu. Zare ɗaya, ba sai an taɓa sauran ba. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ta tafi.

Da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, wato NTSB, ta kammala aikinta a watan Nuwamba na 2025, sai ta ce mafarin ɗaukewar wutar waya ce guda ɗaya. 'Yar robar da ake maƙala wa waya a rubuta lambarta ta zame ta hana bakin wayar shiga raminsa sosai, wayar ta yi sako-sako, ta katse. Ɗan hakin da ka raina. Mutane da yawa a nan suka tsaya, suna mamakin yadda waya ɗaya ta ci gada. Ni kuwa ba wayar ce ta tsaya mini a rai ba. Jirgi mai dubban wayoyi, ko ba yau ba ko ba gobe ba, wata za ta kwance. Direban tipa ma ba shi ne na farko da kwana ta ƙwace wa a lungunmu ba. Tambayar ita ce, da kwanar ta ƙwace, me aka tanada tsakanin jirgi da ginshiƙi?

An tanadi wani abu. Gadar tana da turaku huɗu na kankare a cikin ruwa, da makaran katako da kankare a jikin ginshiƙai. Kuma sun taɓa yin aiki. A watan Agusta na 1980, gadar tana da shekara uku, wani jirgi mai suna Blue Nagoya ya rasa wuta a wannan mashigi, ya zo ya daki wannan gada. Makari ya farfashe, ginshiƙi ya tsira da 'yar ƙujewa, aka gyara, motoci suka ci gaba da wucewa. Wannan shi ne mai kurar Baltimore. Blue Nagoya bai kai rabin Dali tsawo ba, Dali kuwa ya ninka shi nauyi kusan sau goma. Ranar da Dali ya zo, ko taɓa turken da ke gabansa bai yi ba. Ya bi ta gefensa, ya murƙushe makari, ƙirjinsa ya isa ginshiƙi.

Tsakanin jiragen nan biyu akwai shekara 44, kuma a cikinsu teku ta sauya kama. Jirgin da ya fara jigilar kwantena a 1956 guda 58 ya ɗauka. Manyan na yau suna ɗaukar sama da 24,000 idan aka auna da ƙaramar kwantena mai ƙafa 20. Dali, wanda cikinsa ke cin kusan 10,000, matsakaici ne a cikinsu. An yashe mashigin Baltimore ya kai zurfin mita 15 don manya su samu shiga. A 2016 aka faɗaɗa mashigin Panama, manyan jirage daga Asiya suka ƙara samun hanyar gabashin Amurka. Kowa ya yi murna, domin babban jirgi yana sauƙaƙa kuɗin dako. An faɗaɗa hanya, an ƙara zurfi, an kawo manyan ƙugiyoyin sauke kaya. Turakun nan huɗu kuwa suna nan yadda aka kafa su a zamanin da aka gina gadar.

Kuma ba a ce ba a ga gemun maƙwabci yana cin wuta ba. A daren 5 ga Janairu, 1975, jirgin Lake Illawarra mai ɗauke da ma'adinin tutiya ya daki gadar Tasman a birnin Hobart na Ostireliya. Mutum 12 suka mutu, bakwai a jirgi, biyar a motocin da suka afka ramin da ya buɗe a gabansu. Jirgin yana kwance a ƙasan kogin har yau. Birnin ya rabu biyu. Asibiti da ofisoshi da manyan kasuwanni suna wannan gaɓa, dubban masu zuwa aiki suna waccan. Tafiyar 'yan mintoci ta koma zagayen kusan kilomita 50 ko jiran jirgin fito, gadar kuwa ba ta sake buɗewa ba sai watan Oktoba na 1977.

Sai 9 ga Mayu, 1980, wata uku kacal kafin Blue Nagoya. Guguwa da ruwa kamar da bakin ƙwarya suka rufe wa jirgin Summit Venture ido a mashigin Tampa na jihar Filorida, ya daki gadar Sunshine Skyway. Sama da mita 360 na titi suka faɗa teku. Mutum 35 suka rasu, 26 daga cikinsu a bas ɗaya. Wani binciken ƙungiyar masana harkar tashoshi da hanyoyin ruwa ta duniya ya ƙirga manyan gadoji 35 da jirage suka rusa daga 1960 zuwa 2015, da asarar rayuka 342. Ke nan abin ba baƙo ba ne. Kusan duk shekara biyu sai an ji.

Mutanen Filorida, da yake su ruwan ya daka, sun ɗauki darasi. Sabuwar gadar da suka buɗe a 1987 sun kewaye ta da manyan turaku 36, kuma suka tara duwatsu a gindin manyan ginshiƙai biyu har suka zama tsibirai. Yadda ake yin turken abin sha'awa ne. Ana kafa farantan ƙarfe a ƙasan ruwa a zagaye, kamar bakin rijiya, a cika cikin da duwatsu da yashi, a rufe saman da kankare. Injiniyoyi suna kiransa dolfin. Ba a gina shi don ya tsira ba. An gina shi ne don ya lanƙwashe, ya fashe, ya shanye ƙarfin jirgi ko ya kautar da hancinsa kafin ya kai ga ginshiƙi. Tsibirin duwatsu kuwa dabararsa ta fi sauƙi: jirgi ba ya tafiya a tudu, sai cikinsa ya dafe ƙasa ya tsaya. Dabara ta uku ita ce a nisanta ginshiƙai daga hanyar jirage tun wurin zane. Duk cikinsu babu wadda Kaka bai sani ba. Ka sa abin da za ka iya asara a gaban abin da ba za ka iya asara ba, ka bar rata tsakaninsu.

A 1991 ƙungiyar hukumomin hanyoyi ta jihohin Amurka ta fitar da ƙa'idar lissafa haɗarin karo da jirgi. Ana duba yawan jiragen da ke wucewa, da girmansu, da gudunsu, da faɗin mashigi, da ƙarfin ginshiƙi. Ga gada mai muhimmanci, abin da aka yarda da shi shi ne yiwuwar rushewa kada ta wuce ɗaya cikin 10,000 a shekara. Sai dai ƙa'idar ta zama dole ne a kan sababbin gadoji. Tsofaffi shawara kawai aka ba masu su. Gadar Baltimore ba a taɓa yi mata wannan lissafi ba sai bayan ta faɗi. Da NTSB ta yi, sai ta tarar haɗarin ya ninka abin da aka yarda da shi kusan sau 30. A watan Maris na 2025 hukumar ta lissafa gadoji 68 a jihohi 19 da ta ce a je a auna, ciki har da Golden Gate. Abin da ya fi ba ni mamaki, har sabuwar Sunshine Skyway mai turaku 36 tana cikin jerin, domin an zana ta kafin ƙa'idar. Ashe dutsen 1987 ma yana bukatar a sake duba abin da ke bin lungunsa.

To me ya hana a yi tun da wuri? Kuɗi, da kuma wata ɗabi'a ta ɗan Adam. Gada ana yanke mata ƙyalle, a ɗauki hoto, a sa mata sunan babban mutum. Turke kuwa rabinsa a cikin ruwa yake, ba ya rage wa kowa tafiya, ba ya kawo kuɗin shiga. Idan ya yi shekara 40 ba a dake shi ba, sai a ce an yi asarar kuɗi. Idan an dake shi ya kare gada, labarin ba ya wuce kwana biyu. Amfanin kariya shi ne abin da bai faru ba, abin da bai faru ba kuwa ba ya shiga jarida.

Amma bari mu buɗe littafin lissafi. Ba nisa da Baltimore, masu kula da gadar Delaware Memorial sun fara kafa turaku takwas a 2023, kowanne faɗinsa mita 24, a kan kuɗi sama da dala miliyan 90. Kuɗi ne masu yawa. A Baltimore kuwa, da farko an ce sabuwar gada za ta ci dala biliyan 1.7 zuwa 1.9, a gama a 2028. A watan Nuwamba na 2025 hukumomin Maryland suka ce lissafin ya koma biliyan 4.3 zuwa 5.2, kuma sai ƙarshen 2030. Cikin dalilan da suka bayar akwai tsadar kayan aiki da girman kariyar da za a yi wa ginshiƙai. Gadojin biyu ba iri ɗaya ba ne, amma ko an yi rangwame yaya, kuɗin turakun Delaware bai kai kashi 3 cikin 100 na sabon lissafin gadar Baltimore ba. Kuma kariyar da aka ƙi saye jiya, ga shi dole a saye ta yau, da gada a kanta. Araha ba ta ado.

Wannan kuɗin gini ne kawai. Sai da aka kwashe ƙarfe da kankare kusan tan 50,000 daga cikin kogi. Sai 20 ga Mayu aka iya janye Dali, bayan an sa nakiya an yanke ƙarafan da suka danne hancinsa. Mashigin bai buɗe gaba ɗaya ba sai 10 ga Yuni, mako goma sha ɗaya ke nan. A lokacin Baltimore ita ce kan gaba a Amurka wajen shige da ficen motoci da injinan noma, a 2023 kaɗai motoci sama da 800,000 suka bi ta cikinta. Duk wannan ya tsaya ko ya karkata wasu tashoshi. 'Yan dako da direbobi da masu sayar musu da abinci suka wayi gari babu aiki. Tankokin mai da motocin sinadarai, waɗanda doka ta hana su bin ramukan da ke ƙarƙashin kogin, wannan gada ce hanyarsu, yanzu sai sun zagaye birni. Wa zai iya tara awoyin da mutum 30,000 ke ƙonawa a cunkoso kullum har shekara shida?

Sannan a zo kan wa zai biya. Masu jirgin, kamfanin Grace Ocean da mai tafiyar da shi Synergy Marine, sun garzaya kotu suna neman a taƙaita abin da za a bi su zuwa dala miliyan 43 da ɗoriya, suna dogaro da wata doka ta 1851, ta zamanin jiragen filafilai. Daga baya sun amince su biya gwamnatin tarayya kusan miliyan 102 na share mashigi. Majalisar dokokin Amurka kuwa ta amince a Disamba 2024 baitulmali ya ɗauki nauyin ginin, a bi masu laifi da 'yan inshora daga baya. Wato manomin da bai taɓa ganin Baltimore ba shi ma yana cikin masu biya. Haka abin yake ko a lungunmu. Mai tipa ya ba da haƙuri da kuɗin bulo ɗari, sauran Baffa ne ya sayar da tumaki biyu.

Akwai masu cewa babu turken da zai tsayar da tan 100,000, kuma idan aka ce sai an kewaye kowace gada da tsibiri, ba za a bar wa jirage hanya ba, ba za a bar wa makarantu da asibitoci kuɗi ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Dutsen da zai tare tipa da ya toshe lungunmu gaba ɗaya. Amma awo ba ya nufin dole sai ka sayi babban dutse. Awo yana gaya maka inda kake ne, daga nan ka zaɓi abin da aljihunka zai ɗauka. Ana iya cewa jiragen ja kada su saki babban jirgi sai ya wuce gada. Ana iya rage gudu. A Hobart, tun bayan abin da ya same su, idan babban jirgi zai bi ta ƙarƙashin gadar Tasman sai a tsayar da motoci har ya wuce. 'Yan mintoci ne, fitila ce da haƙuri. Sabuwar gadar Baltimore kuwa za a buɗa tsakanin manyan ginshiƙanta zuwa kusan mita 500, maimakon 366 na tsohuwar. Wanda bai auna ba, ko mai arahar ba zai yi ba, domin a ganinsa yana da dutse.

A daren ma an ga abin da kariya mai araha take iya yi. Kiran da jagoran tasha ya sa aka yi ya iske 'yan sanda a bakin gada ta kowane ɓangare, suka tare hanya nan take. Motar ƙarshe ta sauka, babu matafiyi ko ɗaya da ya faɗa ruwa. Kiran waya ɗaya ya yi abin da turaku huɗu suka kasa.

Sai dai kiran bai kai ga kowa ba. A tsakiyar gadar akwai mutum takwas, bakwai masu cike ramukan titi da mai duba aikinsu. Sun ɗan tsaya hutu, suna zaune a motocinsu saboda sanyi. Babu wanda ya sanar da su. Mai duba aikin ya ruga ya tsira. Ɗaya ya faɗa ruwa da motarsa, ya murɗa gilashi da hannu ya fito. Shida suka rasu, dukansu 'yan ci-rani daga Meziko da Gwatemala da Honduras da El Salbado. Gawar na ƙarshe sai a watan Mayu aka same ta. Masu bincike sun ce da an sanar da su a lokacin da aka sanar da 'yan sanda, da suna da kusan minti ɗaya da rabi, kuma da wataƙila ya ishe su sauka. Duk wanda ya taɓa barin gida neman abinci, ko yake da ɗan'uwa a Kurmi ko a Makka ko a Libiya yana aikin dare, ya san irin mutanen nan. Ba su suka zana gada ba, ba su suka sayi jirgi ba, ba a tambaye su ba ranar da aka ga lissafin haɗari bai zama dole ba. Idan katanga za ta faɗi, kan wanda ke madafa take faɗawa.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, kuma babu mai ja da ƙaddara. Amma malamanmu sun koya mana cewa tawakkali yana zuwa ne bayan an ɗaure raƙumi. Abin da Baltimore ta ƙara mini shi ne, igiyar da ta riƙe ɗan taguwa ba ita za ta riƙe amale ba. Mutum yana iya rantsewa ya ɗaure, kuma bai yi ƙarya ba, alhali dabbar ta daɗe da fin ƙarfin igiyar.

Mu ba mu da jirage masu tan 100,000 a ƙofar gida, amma muna da duwatsun Kaka birjik. Wayar wutar da aka ja wa shago lokacin da ƙwai ɗaya da fanka ne a ciki, yau firiza biyu da injin niƙa suke rataye a kanta, in gobara ta tashi a ce daga Allah ne. Kwatar da aka haƙa lokacin da unguwa gida ashirin ce da gonaki masu shanye ruwa, yau gida ɗari biyar ne duk da siminti a tsakar gida, in damina ta zo a ce ruwan bana ya yi yawa. Kwalbatin da aka yi don motar gyada, yau tirela mai taya ashirin da biyu ke taka shi. Hatta ɗan abin da maigida ya saba ajiyewa don rashin lafiya, yadda yake shekara goma da suka wuce haka yake, kuɗin magani kuwa ya ninka ba adadi. Duk waɗannan sun taɓa yin aiki, shi ya sa muka yarda da su. Wanda ba shi da kariya yana kwana da ido ɗaya a buɗe. Wanda kariyarsa ta taɓa cetonsa sau ɗaya, shi ne ke yin minshari.

Bayan an tayar da katangarmu, Baffa bai tumɓuke dutsen ba. Ya sa mai walda ya kafa bututun ƙarfe biyu masu kai ƙirji, aka cika su da kankare. Sannan dattawan lungu suka zauna bayan Isha'i suka yanke cewa tipa ta riƙa juye yashi a bakin titi, a shigo da shi a baro. Wannan shawarar ba ta ci ko sisi ba, kuma ita ta fi aiki.

Da Sallar da ta wuce na je gida. Dutsen yana nan, wasu yara suna fasa goriba a kansa. Bututun sun yi tsatsa a gindi, ɗaya ya ɗan karkace. Dattawan da suka yi waccan shawara saura biyu. Ina tsaye sai ga tankar ruwa ta kutso kai cikin lungu, madubinta yana shafar bango, domin wani maƙwabci ya haƙa rijiyar burtsatse yana sayarwa. Na tambayi ƙanena tun yaushe take shigowa. Ya ce, "Yaya, ai ta fi shekara. Amma kada ka damu, akwai ƙarfe."

Na aike shi ya kira mini mai walda, na ce ya taho da abin awo.